Punk, post-rock da indie folk: uwa ɗaya ce ta haife su

In ka samu wanda bai taɓa jin irin waɗannan kaɗe-kaɗen ba, ka kunna masa albam ɗin Ramones na farko, ka biyo da Godspeed You! Black Emperor, sannan ka ƙarasa da Bon Iver, ba makawa zai ce maka ai waɗannan ko hanya ba ta haɗa su ba. Na farkon, wato punk, ihu ne da gudu, waƙa ko minti 3 ba ta kaiwa, na biyun, wato post-rock, waƙa ɗaya tal sai ta cinye minti 20 kuma babu mai rera komai a ciki, na ukun kuwa, wato indie folk, mutum ne shi kaɗai da jitarsa yana waƙa da siririyar murya. To amma ni dai a tawa fahimtar duk gida ɗaya suka fito, kuma abin da ya haɗa su yana wajen kuɗi da iko ne: wa ya biya kuɗin situdiyo, wa ya buga faifan, wa ke da bakin cewa cire wannan waƙar ba za ta sayu ba. In ka riƙe wannan zaren, albam-albam ɗin da ake yawan lissafowa za su daina zama maka tarin sunayen Turawa kawai, za ka ga yadda kowanne ya buɗe wa na bayansa ƙofa.

A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya riga ya zama harkar manya. Filayen ƙwallo ake cikawa, ƙungiya ɗaya sai ta shafe watanni a situdiyo tana ƙona kuɗi, yaro ɗan unguwa mai jita ɗaya tsohuwa ko a mafarki ba ya ganin kansa a wurin. Sai ga wasu samari 4 daga unguwar Queens a New York, masu wasa a wani ɗan kulob mai suna CBGB, sun shiga situdiyo sun fito cikin kusan mako guda da waƙoƙi 14 da duka-duka tsawonsu minti 29 ne, kuɗin aikin kuma wajen dala 6,400. Wannan shi ne Ramones na Afrilun 1976. A kasuwa fa bai yi wani abin kirki ba, sai a 2014 ya kai kwafi 500,000 a Amurka, shekara 38 ke nan bayan fitowarsa. Amma duk yaron da ya ji shi a lokacin abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ashe ni ma zan iya, kuma wannan tunanin ya fi cinikin tasiri nesa ba kusa ba.

A Ingila abin ya haɗu da fushi. Tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin 100 a 1975, a 1976 gwamnati sai da ta je neman rance wajen IMF, matasa suna gama makaranta suna zaman kashe wando. A cikin wannan yanayin Sex Pistols suka ɓulla, suka yi ashar a talbijin kai tsaye a Disambar 1976, kamfanin faifai na EMI ya sallame su, A&M ta ɗauke su ita ma ta kore su cikin ƴan kwanaki, sai Virgin ce ta fitar da Never Mind the Bollocks a Oktoban 1977, har aka kai manajan wani shagon faifai kotu a Nottingham saboda ya kafa hoton bangon a taga, aka kuma wanke shi. Albam ne mai ƙarfi, jitar Steve Jones an jera ta hawa-hawa har ta yi kauri, wanda ke nuna maka cewa ba aikin ƴan koyo ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, ƙwararren furodusa ne Chris Thomas ya zauna a kansa. Watanni 3 bayan haka ƙungiyar ta watse a San Francisco.

Wannan wajen fa a kula da shi, domin nan ne labarin da aka saba bayarwa yake da rami. Su waɗannan manyan sunayen na punk a hannun kamfanoni suke. The Clash sun sa hannu da CBS a farkon 1977 kan fam 100,000, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faifan da ya sauya yadda ake gudanar da harkar ɗan ƙarami ne, waƙoƙi 4 kacal, Spiral Scratch na Buzzcocks daga Manchester, Janairun 1977. Sun ranto wajen fam 500 daga ƴan uwa da abokai, suka ƙirƙiri nasu kamfanin mai suna New Hormones, suka buga kwafi 1,000, daga baya aka sayar da kusan 16,000. In ka juya bayan bangon za ka ga sun rubuta a gaban kowace waƙa sau nawa aka ɗauke ta da abin da aka ƙara a kai, wato suna nuna wa mai saye cewa babu wani siddabaru a ciki, ga yadda aka yi, kai ma je ka yi. A gaban bangon kuma hoto ne na kyamarar Polaroid, su huɗu a tsaye sun matsu da juna. Daga nan ne shagon Rough Trade na Landan ya zama kamfanin faifai a 1978, aka fara samun hanyar rarraba kaya wadda ba ta bi ta hannun manya.

Duk da haka ba zan rage wa The Clash komai ba, London Calling na Disambar 1979 shi ne albam ɗin punk da na fi komawa gare shi. Faifai biyu ne, waƙoƙi 19, kuma suka matsa aka sayar da shi a farashin faifai ɗaya. A ciki akwai reggae da ska da tsohon rock na shekarun 1950, kuma ba aro suka yi don ado ba, mai kaɗa bes ɗinsu Paul Simonon a Brixton ya tashi cikin ƴan Jamaika, a 1978 kuma sun yi wasa a babban gangamin mawaƙa na yaƙi da wariyar launin fata, Rock Against Racism, a Victoria Park da ke Landan, lokacin da masu ƙyamar baƙi ke ta ƙara ƙarfi a titunan Ingila. Wannan albam ɗin ne ya fara nuna cewa ɗan punk zai iya barin gudu da ihu ya taɓa duk abin da ya ga dama ba tare da ya zama wani mutum daban ba.

A Amurka kuwa aikin ya koma ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya a shekarun 1980. Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord a Washington a 1980, da hannu suke yanka kwalin bangon faifai suna mannawa. Black Flag da kamfaninsu SST suka riƙa yawo a tsohuwar mota gari-gari, suna wasa a duk ɗakin da aka ba su suna kwana a ƙasan falon mutane, har aka samu jerin wuraren wasa da lambobin waya da ƙungiyoyin baya suka gada. A 1984 SST ta fitar da Zen Arcade na Hüsker Dü da Double Nickels on the Dime na Minutemen, duka masu faifai biyu, ɗaya da piyano da dogon kiɗa na minti 14 a ƙarshe, ɗayan da ɗanɗanon jazz da funk. Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya wadda ta fitar da Repeater a 1990, ta riƙe tikitin wasanta a kusan dala 5, yara ma a bar su su shiga, ba sa sayar da riguna, manyan kamfanoni suka yi ta zawarci suka ƙi.

To daga wannan harkar ta ƙarƙashin ƙasa ce post-rock ya tsiro, kuma hujjata ita ce Slint. Yara ne ƴan Louisville a jihar Kentucky waɗanda tun suna ƙanana suke ƙungiyoyin hardcore, wato punk mai ƙarin gudu da ihu, biyu daga cikinsu sun yi ƙungiyar Squirrel Bait. A watan Agustan 1990 suka je Chicago suka ɗauki Spiderland cikin ƴan kwanaki, waƙoƙi 6, kamfanin Touch and Go ya fitar da shi a 1991 lokacin su sun ma riga sun watse, ba talla ba yawon wasa. Kunna waƙar farko ka saurara da kyau: jita ce ke fitar da wasu siraran ƙararraki masu tsabta, wani yana ba da labari da muryar magana ƙasa-ƙasa har sai ka ƙara sauti, ganga tana tafiya da wani lissafi da ƙafarka ba ta iya bi, kana cikin haka kwatsam sai jitar ta fashe da ƙara mai kaifi muryar ta koma ihu, sannan komai ya sake kwantawa. Fushin punk ɗin yana nan daram, an dai riƙe shi ne ana sakinsa da awo. A waƙar ƙarshe sai an ja ka kusan minti 7 kafin a saki, kuma in ya zo sai tsigar jikinka ta tashi. Ban san wani albam da ya koyar da ƙungiyoyi da yawa amfanin shiru kamar wannan ba.

Sai dai akwai reshe na biyu da bai dace da bayanina tsaf ba, kuma dole a faɗe shi. Talk Talk ƴan pop ne, sun samu kuɗi sosai da The Colour of Spring a 1986, EMI ta sakar musu mara, su kuma suka shige situdiyon Wessex a Landan, wani tsohon zauren coci, shi ne dai wurin da aka ɗauki Never Mind the Bollocks da London Calling, suka kashe fitilu suka shafe watanni suna gayyato makaɗa kowa ya kaɗa abin da ya zo masa, daga baya su zauna su tsince. Sakamakon shi ne Spirit of Eden na 1988, wanda kamfanin ya rasa yadda zai sayar, har rigimar kwantiragi ta kai su kotu, sannan Laughing Stock a 1991 a wani kamfanin. Wato a nan kuɗin babban kamfani ne ya ɗauki nauyin gwajin. Amma duba abin da ya biyo baya: bayan waɗannan albam biyu ƙungiyar ta watse, jagoranta Mark Hollis ya fitar da albam ɗaya nasa na kansa a 1998 ya janye daga harkar har ya rasu a 2019. Waɗanda suka ci gaba da salon a ƙananan kamfanoni suka yi.

Marubuci Simon Reynolds ne ya yaɗa sunan post-rock a 1994 lokacin da yake sharhi kan Hex na Bark Psychosis. Bayan nan abin ya bazu, Tortoise a Chicago da Millions Now Living Will Never Die a 1996, wanda ya buɗe da kiɗa mai tsawon minti 21 kuma David Pajo na Slint yana ciki, Mogwai a Glasgow da Young Team a 1997, Sigur Rós a Iceland da Ágætis byrjun a 1999 inda ake goga jita da sandar goge.

Godspeed You! Black Emperor na Montreal a Kanada su ne suka fi kowa nuna cewa jinin punk ne ke gudana a wannan kiɗan. Mutum wajen 9 a kan dandamali, da goge da ganguna biyu, babu shugaba babu mai waƙa, fim ake haskawa a bayansu. Faifansu na farko a kamfanin Constellation a 1997, a cikin kowane kwali akwai kwabo da aka ɗora a kan layin dogo jirgi ya taka ya baje shi, da hannu aka shirya kowanne. Lift Your Skinny Fists Like Antennas to Heaven na 2000 kashi 4 ne kowanne kusan minti 20, yana tafiya ne kamar hadarin damina, ka ga ya haɗo daga gabas a hankali, iska ta taso, gari ya yi duhu, ka daɗe kana jira kafin ya sauke, a tsakani kuma sai ka ji muryar wani tsoho yana tuna yadda bakin tekun Coney Island yake a da, ko sanarwar lasifika a wani shago. A bangon Yanqui U.X.O. na 2002 zane suka yi da kibiyoyi suna nuna yadda manyan kamfanonin waƙa ke da alaƙa da masu ƙera makamai. A 2013 aka ba su kyautar Polaris ta dala 30,000 na Kanada, ba su je bikin ba, suka ce za su sa kuɗin wajen samar wa fursunonin Quebec kayan kiɗa. Ba kalma ɗaya da suke rerawa amma kowa ya san inda suka tsaya.

Inda abin ya fara ba ni haushi shi ne bayan 2003. The Earth Is Not a Cold Dead Place na Explosions in the Sky kyakkyawan aiki ne, ba ni da ja, amma ya zama awon da kowa ke kwafa, a fara a hankali a hau a fashe, a fara a hankali a hau a fashe, har masu fim da masu tallan mota suka gane cewa ga kiɗan da ke sa mutum ƙwalla ba tare da ya ce komai da zai ɓata wa wani rai ba. Kiɗan da babu kalma a cikinsa yana da wannan raunin, kowa zai iya ɗora masa nasa saƙon.

Yanzu ka koma ka kalli bangon Spiderland, hoton nan baƙi da fari na samari 4 a cikin ruwa kawunansu kaɗai ke waje. Wanda ya ɗauki hoton abokinsu ne Will Oldham, wanda daga baya da sunan Bonnie "Prince" Billy ya fitar da I See a Darkness a 1999, har Johnny Cash ya sake rera waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin a 2000. Ka ga ke nan indie folk ma daga unguwa ɗaya ya fito, ba daga ƙauye ba. Elliott Smith a ƙungiya mai ƙara ta Heatmiser yake a Portland kafin ya koma raɗa, kuma Either/Or na 1997 a Kill Rock Stars ya fito, kamfanin da aka sani da ƴan matan punk irin su Bikini Kill. In the Aeroplane Over the Sea na Neutral Milk Hotel a 1998, wanda Jeff Mangum ya rubuta bayan labarin Anne Frank ya tsaya masa a rai, Merge ce ta buga shi, kamfanin da biyu daga cikin ƴan ƙungiyar rock mai ƙara ta Superchunk suka kafa a 1989, kuma in ka ji yadda aka tura jitar katako har tana tsatsagewa yana waƙa iya ƙarfinsa har numfashi na ƙare masa, ba sai an gaya maka inda ya koyo ba.

Na'ura ma ta taimaka. Tun 1979 Tascam ta fito da Portastudio, ƴar akwati da ke ɗaukar layi 4 a kan kaset na gida, daga baya kwamfuta ta zo ta ƙara sauƙaƙawa. Sam Beam malamin fim ne a Florida lokacin da ya ɗauki The Creek Drank the Cradle a gida, kamfanin Sub Pop ya fitar a 2002 da sunan Iron & Wine, kana jin huci-hucin kaset ɗin a ƙarƙashin muryarsa. Justin Vernon kuma ƙungiyarsa ta watse, soyayya ta ƙare, ga rashin lafiya, sai ya tattara ya koma bukkar farautar mahaifinsa a dajin Wisconsin cikin hunturun ƙarshen 2006, ya yi kusan wata 3 yana ɗaukar muryarsa yana ɗora wata kan wata har ta zama kamar taron mawaƙa, shi ne For Emma, Forever Ago na Bon Iver, sunan da yake waƙa da shi, da kansa ya fara fitar da shi a 2007 kafin kamfanin Jagjaguwar ya karɓa a 2008. Labarin bukkar an yi ta maimaita shi har ya kusa rufe waƙoƙin, kuma ina ganin an zalunci aikin, domin dabarar jera muryoyin ita ce sabon abu a ciki, ita ce ma ta sa Kanye West ya neme shi a 2010.

Wanda ya fi taɓa ni a wannan layin shi ne Carrie & Lowell na Sufjan Stevens, 2015. Mutumin da ya cika albam ɗinsa Illinois da kakaki da goge da ƴan amshi a 2005 ya ajiye duk wannan ya zauna da jita yana magana da mahaifiyarsa Carrie da ta rasu a 2012, wadda ta bar shi tun yana ƙarami saboda ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Lowell ɗin kuma mijin uwarsa ne, kuma shi ne suka kafa kamfanin Asthmatic Kitty tare. Irin wannan aikin da wuya ya fita yadda yake a wurin da ake tambayar ka wace waƙa ce za ta shiga rediyo. Shi ma dai wannan salon kasuwa ta kama shi, banjo da tafi da buga ƙafa suka cika tallace-tallace, Mumford & Sons suka ci babbar kyautar Grammy ta albam a 2013 da Babel, an ɗauki rigar an bar mutumin.

Kada kuma a ɗauka ƙananan kamfanonin nan aljanna ce. Touch and Go da musafaha kawai take ƙulla yarjejeniya, a raba riba biyu, sai ga Butthole Surfers sun kai ta kotu sun karɓe faifansu a 1999, a 2009 kuma dole ta rage aiki ta sallami ma'aikata. SST ma ƙungiyoyi da dama sun yi kuka da ita kan kuɗinsu. Amana ita ce jarin, kuma amana tana karyewa.

Mu ma nan wajenmu akwai inda zaren ya ratso. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko Anar a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, ba wani kamfani da ya buga shi, ta bulutut da memori ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har wani ɗan ƙaramin kamfani na Portland mai suna Sahel Sounds ya ji ya nemo shi. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 a Matador suka fito, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka taso daga wancan ƙarƙashin ƙasar ta Amurka, kuma a can masu zuwa kallonsa da yawa ƴan punk ne da ƴan rock, yana kuma faɗar abin da yake so kan Faransa da yuraniyom ɗin Nijar ba mai riƙe masa baki.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ɗaukar waƙa ya zama kusan kyauta, waya ma ta isa, amma hanyar isa kunnen mutane ta sake komawa hannun ƴan tsiraru. Spotify da ire-irenta suna biyan abin da bai kai sisi ba kan kowane sauraro, tsarin nasu ya fi son gajeruwar waƙa da za ta kama ka a sakan 30 na farko, to ina makomar kiɗa mai minti 20 a nan? Bandcamp, inda ƙananan mawaƙa ke sayarwa kai tsaye su karɓi mafi yawan kuɗin, an sayar da shi ga Epic Games a 2022, aka sake sayar wa Songtradr a 2023, kuma a wannan cinikin kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki.